Ranar da Bakano Ya Bi Motar Shara

Shekarun baya, tun gashin kaina bai fara ja da baya ba, ina aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, gefen Lyon. Daga Damagaram na zo karatu, karatu ya ƙare, aiki ya riƙe ni. Duk ƙarshen wata nakan hau jirgin ƙasa in tafi Paris, saboda mahaifiyata ta ɗora mini duba yayanta, wato kawuna, wanda ke zaune shi kaɗai a wani ɗan ɗaki a Stains, gefen Paris, cikin irin gidajen nan masu hawa-hawa da aka gina wa baƙin ma'aikata. Amma in na sauka ba na wucewa wurinsa kai tsaye. Sai na fara biyawa ta unguwar Barbès, shagon abokina.

Abokin nan nawa Bakano ne. Yana sayar da caja da murfin waya da sauran tarkacen salula a wani shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, kusa da gadar da metro, jirgin ƙasan cikin gari, ke bi ta sama. Faransancinsa a lokacin bai wuce na ciniki ba, sauran kuma ya cike da Hausa da Ingilishi da nuni da hannu. Ni Badamagare, shi Bakano, kun san abokan wasa ne, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Da ya hango ni sai ya ce bawansa ya iso, ni kuma in tuna masa cewa kakannina sun taɓa kai wa garinsu ziyara da igwa. Daga nan sai ya miƙo mini kujera, ya aika a kawo shayi.

A bakinsa na fara jin kalmar Ingilishin nan da ake rubutawa trash, shi kuma yana furta ta tirash. Ranar farko kwali ya miƙo mini ya ce in jefa a tirash, na ce to, ashe kwandon shara ke nan. Ba a jima ba aka kawo masa wasu caja da ke ƙona waya, ya ce kayan tirash ne. Ƙungiyar ƙwallonsa ta sha kashi, ya ce sun buga tirash. Wani ɗan kasuwa yana ɓata masa suna wajen masu saye, ya ce mutumin yana tirashin ɗinsa. Da wasu yara suka fasa shagon maƙwabcinsa suka yi kaca-kaca da komai, ya buga mini waya har Lyon ya ce an yi tirashin ɗin shagon. Har hoton da na goge a wayata bisa kuskure, ya karɓa ya latsa ya ce ai yana nan cikin tirash, ya maido mini da shi.

Abin ya fara ba ni sha'awa. Ni mutum ne mai son bin diddigi, abin da ya kai ni karatun sinadarai ke nan, kuma shi ya sa matata take cewa hira da ni kamar zuwa caji ofis ce. Sai na shiga kasa kunne. A wurin cin abincin masana'anta na ji samarin Faransawa ma sun ari kalmar, amma su shirin talabijin mai rashin kunya suke kira da ita. Na yi ta mamakin yadda kalma guda take ɗaukar wannan kaya duka kamar jakin mai itace. Mu a Hausa kowane abu da gidansa. Shara ita ce abin da tsintsiya ta tara, bola inda ake zubarwa, juji inda ta daɗe ta zama tudu. Tarkace bai mutu ba tukuna, wata rana sai a neme shi. Komatsai kuwa suna da mai su, shi ya sa ake cewa mutum ya kwashe komatsansa. Na ce wa abokina kalmarsa malalaciya ce, ba ta tantancewa. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba shi da lokacin raba bola da juji, abin da ba ya sayuwa tirash ne, in ina son nahawu in koma makaranta.

Ana nan sai matsalar Kawu ta taso.

Kawuna ya haura saba'in a lokacin. Ya yi aikin gini, ya yi dako a kasuwa, daga baya ya koma taya 'yan kasuwar Maraɗi ɗaure kayan da suke aikawa gida. Mutum ne mai tsabta, rigarsa ba ta kwana da datti. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ya taso da ita tun daga Birni, tsohuwar unguwarmu ta Damagaram. Mahaifinsa ya koya masa cewa takarda mai rubutun Larabci ba a barin ta a ƙasa, ba a tsallake ta, ba a haɗa ta da shara, domin wataƙila akwai sunan Allah a ciki. In ka tsinta sai ka karkaɗe, ka soke ta a tsagar bango ko ƙarƙashin jinka, in sun taru a ƙone su a wuri mai tsabta. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san wannan. A gida abin ba wuya, domin irin takardun ba su da yawa, kuma duk wadda ka tsinta ko aya ce, ko addu'a, ko wasiƙar ajami mai bismilla a kanta.

To, ku ɗauki mai wannan tarbiyya ku ajiye shi a Barbès ranar kasuwa. Can Larabci yana kan komai. Tallan mahauta, tallan jirgin ruwa zuwa Aljeriya, kwalin dabino, katin kiran waya, jadawalin lokutan salla na bara, jaridar da aka naɗe kifi da ita. Kawu ya iya karatun allo da rubutun hannu irin namu, amma ƙananan haruffan ɗab'i sun fi ƙarfin idonsa, kuma ba a tsakiyar turmutsitsin kasuwa mutum zai tsaya bita ba. Don haka duk wadda ya gani sai ya sunkuya ya ɗauka ya sa aljihu. Bangon Faransa kuwa ba shi da tsaga. Ya taɓa gwada ƙona 'yan kaɗan a cikin tukunya a kicin ɗin gidan, ƙararrawar gobara ta ɗauka, 'yan kwana-kwana suka zo da mota guda, mutanen gida suka fito waje cikin sanyi suna harararsa. Tun daga ranar bai sake ba. Ya koma tarawa, shekara da shekaru.

Ni na san yana tarawa, amma ido yana sabawa da abin da yake gani a hankali. Sai ranar da matar da ke kula da gidan ta zagayo da masu duba haɗarin gobara. Suka buɗe ɗakin Kawu suka ga buhunan shinkafa cike da takardu a ƙarƙashin gado, a saman kabad, a bayan ƙofa, har sun fara cin rabin taga. Matar ba muguwa ba ce, ta san shi da daɗewa, amma ta ce masa za ta dawo ƙarshen wata, in ta tarar da ɗakin haka dole ta karɓi makulli. Kawu ya ce mata to, ya rufe ƙofa, bai gaya wa kowa ba. Wani maƙwabcinsa ne ya tsegunta wa mahaifiyata, ita kuma ta kira ni tana kuka. Ta ce in aka kore shi ina zai nufa da tsufansa, ɗakin nan shi ne adireshinsa na fansho da na asibiti, kuma tsofaffin da yake salla da su duk a gidan suke. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma gaskiya har da haushin Kawu na ji.

Na ɗauki hutu na taho Paris, na roƙi abokina ya raka ni, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A hanya na sayi ƙunshin baƙaƙen ledojin shara, manya, ina ganin kaina mai tsari. Muka gaisa da Kawu doguwar gaisuwa, ya tambayi mutanen Lyon da gajiya da sanyi, sannan ya matsa muka shiga. Abokina bai taɓa zuwa ɗakin ba. Ya tsaya bakin ƙofa ya kalli sama ya kalli ƙasa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Kai, Baba, wa ya yi tirashin ɗin ɗakin nan? Wannan ai duk tirash ne."

Kawu ya juyo ya tambaye ni me Bakanon ya ce. Na ce yana nufin kaya sun yi yawa. Kawu ya ce shi bai san Ingilishi ba, amma ya daɗe a duniya, ya san kalmar da ake faɗa da ɗage hanci. Sai idonsa ya sauka kan ledojin da ke hannuna.

"Waɗannan na mi ne?"

Na fara kame-kame. Ya ce in fita da su daga ɗakinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya gwammace ya kwana a tashar metro da a ce da hannunsa ya sa sunan Ubangiji a ledar shara, in matar tana son makulli ga shi nan rataye, ta zo ta ɗauka. Na san Kawu, in ya faɗi magana da wannan sanyin murya, ko mahaifiyata ba ta tanƙwara shi.

Sai na kawo dabarar masana. Na ce mu tantance, waɗanda ke da sunan Allah mu ware, sauran tallace-tallace mu zubar. Kawu ya ce bismilla, ya zauna bakin gado yana jan carbi. Na zazzage buhu ɗaya na fara. Ta farko tallan mahauci ce, naman rago da farashinsa, na ajiye ta gefen zubarwa, sai na lura sunan mahaucin da kansa ya ƙare da sunan Allah. Na maido ta. Ta biyu tallan tafiya ce, a samanta an rubuta bismilla. Jaridar kifi kuwa akwai shafin ta'aziyya a bayanta, cike da addu'a. Har aka kira la'asar ban gama rabin buhu ba, kuma abin da na ware na zubarwa bai cika tafin hannu ba. Abokina yana jingine da ƙofa yana dariya ƙasa-ƙasa, yana cewa ga injiniya ya zama ɗan bola. Na tattara na mayar cikin buhu.

Washegari na sami limamin masallacin da Kawu ke zuwa. Ya ce hanyoyin sanannu ne, a ƙone, ko a sa a ruwa mai gudu, ko a binne a wuri mai tsabta da ba a takawa. Ƙonawa dai mun ga yadda ta ƙare. Kogi kuwa, duk wanda aka gani yana juye buhuna a cikin Seine zai yi wa 'yan sanda dogon bayani. Saura binnewa, kuma a Paris ko tafin ƙasa ba mu da shi. Sai na tuna da wani abokin aikina a Saint-Fons, dattijo ɗan Aljeriya, wanda ke da ɗan lambu cikin filayen da ake raba wa ma'aikata. Na kira shi ina ta kewaye-kewaye, ina jin kunyar abin da zan roƙa. Ban kai ƙarshe ba ya katse ni, ya ce kakarsa ma haka take yi, akwai wata kusurwa ƙarƙashin itacen ɓaure da ba ya shuka komai, mu kawo.

Kawu ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce ko takarda ɗaya ba za ta taɓa shara ba daga ɗakinsa har ramin, kuma da shi za a tafi ya gani da idonsa. In aka saɓa, magana ta tashi, a bar masa kayansa. Muka ce mun ji. Abokina, don ya wanke bakinsa, ya kawo sababbin jakunkuna daga Barbès, irin manyan nan masu zanen dara da zik, waɗanda shi yake kira Gana-mas-go. Wani Alhaji ɗan Maraɗi ya ara mana motar ɗaukar kayansa.

Ranar kwashewa abokina ya zo da safe cikin farar shadda mai aiki a wuya, sai ƙamshin turare yake. Na ce dako muka zo yi ko ɗaurin aure? Ya ce shi mai sa ido ne, dako aikin Damagarawa ne. Duk da haka ya ɗauka. Muka yi ta sauko da jakunkuna daga hawa na uku muna jerawa a bakin titi, gaban ƙofar gidan, Kawu yana sama yana cika wasu. Da muka sauke kamar rabi, na ce bari in je in kawo motar, domin ban sami wurin ajiye ta kusa ba, na bar ta can bayan wasu gine-gine. Na ce wa abokina ya tsaya a kan kayan kada ya gusa.

Akwai abin da mu duka biyun muka gani amma bai shiga kanmu ba. Tun da muka iso akwai tsofaffin katifu da karyayyun kujeru da wata matacciyar talabijin a jere a bakin titin. Ashe ranar ce ma'aikatan gari suke zagayowa kwasar manyan tarkace. A gida, in ka ajiye kaya a ƙofar gida, kowa ya san naka ne, har maƙwabci ya taya ka gadi. A Faransa kuwa, abin da ka ajiye bakin titi ka yi masa saki uku. Na yi shekaru a ƙasar, na san haka sarai, amma ranar kaina na Damagaram ne ya fito aiki.

Abin da ya faru bayan tafiyata, daga baya abokina ya ba ni labari. Wai mai kawo masa kaya ne ya kira shi, ƙarar titi ta hana shi ji, ya ɗan shiga cikin zauren gidan. Abin da na gani da idona shi ne wannan. Na karyo kwana da motar, sai ga ƙatuwar motar shara ta tashi daga ƙofar gidan tana tafiya a hankali, jakunkunanmu sun ragu, ga kuma wani mutum cikin farar shadda yana bin ta da gudu, hula a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Yana ihu da duk harshen da Allah ya ba shi.

"Arrêtez! Ku tsaya! Pas poubelle! Ba tirash ba ne!"

Ban taɓa ganin abokina yana gudu ba, ko don metro. Ya cim ma motar, ya ɗare matakalar baya, ya rungumi jaka ɗaya da ke baki-baki ya fizgo ta. Ma'aikatan suka ɗauka mahaukaci ne. Ɗaya ya riƙe masa riga, shi kuwa ya zura hannu cikin wata jakar da ta riga ta fashe a ciki, ya damƙo takardu ya tura wa mutumin a fuska. Allah ya sa ma'aikacin ɗan Mali ne. Ya dubi rubutun, ya dubi abokina, sai ya saki rigar ya buga wani maɓalli, injin da ke matse shara ya tsaya. Ya yi wa direba magana, ya cire safar hannunsa, ya hau ya fara miƙo jakunkunan da kansa.

Biyu sun fito lafiya. Ta ukun ce ta fashe, takardunta suka watsu cikin soson katifa da fasassun katakai da wani baƙin ruwa mai wari da ke kwance a ƙasan motar. Kafin in ajiye mota in iso, abokina ya riga ya shiga ciki har gwiwa. Yana tsinta ɗaya bayan ɗaya, yana goge kowace a gaban shaddarsa, yana miƙo mini. Motoci suka yi layi a bayanmu suna oda. Wani gilashi ya yanke shi a hannu, bai ma sani ba sai da na nuna masa.

Da na ɗaga kai sai na ga Kawu tsaye a bakin titi, ya sauko da sandarsa. Sharaɗi ya kafa mana, ga shi mun karya shi tun ba mu bar unguwar ba, kuma rabin takardun suna sama. Ya tako a hankali har bayan motar. Ya dubi jakar da ta fashe, ya dubi takardun da ke hannuna, jiƙaƙƙu, baƙaƙe. Ya ce da ni, ba tare da ya kalle ni ba:

"Ku maido mini su bisa."

A raina na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata. Sai abokina ya sauko daga motar. Shaddar nan ba ta da sauran fari, hannunsa na jini, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya durƙusa gaban Kawu a kan kwalta, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba a ƙasar nan, ya miƙa masa takarda ta ƙarshe da hannu biyu.

"Baba, laifina ne, ni na bar wurin. Amma wallahi na duba ko'ina, ko ɗaya ba ta tafi ba."

Na leƙa takardar. Tallan katin kiran waya zuwa Maroko ce, mai rahusa, wadda wa'adinta ya wuce da daɗewa. Kawu ya karɓa, ya goge ta da bakin rawaninsa, ya ninke ya sa a aljihun ƙirji. Ya dubi abokina. Sannan ya ce:

"Ashe Bakano ma yana da rana. Tashi ka wanke hannunka, akwai sauran kaya bisa."

Ya juya ya gode wa ɗan Malin, suka yi musabaha, ya sa masa albarka. Ni kuwa na shiga loda jakunkunan cikin motar Alhaji.

Da azahar muka kama hanyar Lyon, mu uku a gaba, Kawu a tsakiya, abokina sanye da wata tsohuwar rigar Kawu da ta tsaya masa a gwiwa. Na yi niyyar tsokanarsa har mu isa, amma na ƙyale shi zuwa rabin hanya. Washegari da hantsi muka haƙa rami ƙarƙashin ɓauren. Ni da karatuna na tsaya ina lissafin ko tawadar za ta shiga ƙasa ta ɓata wa mai lambu tumatir, shi kuwa ya ce hayaƙin masana'antarmu da ke bayan shinge bai kashe tumatir ɗinsa ba, balle tawada. Kawu ya ƙi yarda a juye jakunkunan. Da hannu aka riƙa ɗiba ana shimfiɗawa, shi yana zaune bakin ramin yana karɓa yana miƙawa. Waɗanda suka shiga motar shara ya ware su, ya ɗauraye kowace da ruwan buta kafin a sa ta. Da aka mayar da ƙasa, mai lambu ya jera duwatsu kewaye don kada a taka. Kawu ya yi addu'a, ya ce rabonsa da ya ji ƙirjinsa sakayau haka tun yana gida.

Ƙarshen wata matar ta dawo, ta ga ɗaki fayau, har taga tana buɗuwa. Ta bar masa makullinsa. Mahaifiyata ta yi ta sa mini albarka a waya, na karɓe duka ban rage wa Bakano ko kaɗan ba.

Kada ku ɗauka Kawu ya daina. Hali zanen dutse. Satin da ya biyo baya ya je Barbès ya dawo da aljihu cike. Sai dai mun yi yarjejeniya, jaka ɗaya ƙarama a bayan ƙofa, duk zuwana in tafi da ita Lyon. Haka muka yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare ya koma Damagaram, inda Allah ya karɓi abinsa a ɗakin mahaifiyata. Allah ya jiƙansa da rahama.

Har yau kalmar nan tana ba ni mamaki, kuma har yau ina kasa kunne in na ji ta. Na lura mai faɗinta ba ya duba abin da yake magana a kai, ya riga ya yanke hukunci ya wuce, shi ya sa take da sauri, shi ya sa kuma take shiga ko'ina. Ban ce Kawu ya fi kowa gaskiya ba. Malamai da yawa za su ce ya tsananta wa kansa, ni ma na faɗa a lokacin. Amma na ga mutum ya yarda ya rasa ɗakinsa saboda abin da kowa ke takawa ya wuce, kuma tun daga ranar nakan ɗan yi jinkiri kafin in kira abin wani shara. Ina kewarsa, musamman in na bi ta ƙarƙashin gadar nan ranar kasuwa na ga takardu a ƙasa.

Abokina yana nan a shagonsa. Faransancinsa ya gyaru, tumbinsa ya fito, bakinsa kuwa bai canja ba. Caja tirash, ƙwallo tirash, gwamnati tirash, shayin da yake ba ni ma wani lokaci tirash. Da labarin rasuwar Kawu ya zo na ɗauka zancen jaka ya ƙare ke nan. Zuwana Paris na farko bayan haka, mun gama tsiyarmu mun sha shayi, na tashi zan tafi tasha, sai ya ce in dakata. Ya hau kujera, ya sauko da wata 'yar jaka mai zanen dara daga can saman kanta, inda ba ya ajiye komai sai Alƙur'aninsa. Cike take da takardun da shi da kansa yake tsinta a kasuwa. Ya karkaɗe ta, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ga tirash ɗin Baba," ya ce. "Kada ka ajiye shi a ƙasa cikin jirgi."